Kafin a kai kwamfuta a yi mata fomatin

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku domin mu ja hankalin masu shagunan buga takardu, ma'aikatan ofis da ɗalibai a nan Sakkwato kan wata al'ada da ta zama ruwan dare: da zarar kwamfutar tebur ta fara nauyi, sai a ce a yi mata fomatin, wato a goge duk abin da ke cikinta a sake ɗora manhaja. Mu da gyaran kwamfuta ne sana'armu mun san sau da yawa manhajar Windows lafiyarta ƙalau. Ko dai an ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta, ko kuma zafi ne ya dame ta, kuma mai ita zai iya magance matsalar da kansa ba tare da ya yi asarar takardunsa ba.

A fara da lokacin kunnawa. Manhajoji da yawa kan tashi tare da kwamfuta ba da izinin kowa ba, su cinye ram, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. A danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda, a shiga sashen Startup, a kashe duk abin da ba a buƙata da sassafe. Riga-kafin bairos kuwa ɗaya ya isa, kuma wanda ya zo da Windows 10 da 11 yana aikinsa. In aka haɗa biyu, kowane zai riƙa binciken ɗan'uwansa, aiki ya tsaya. Sannan a sani cewa Shut down ba ya kashe tsarin gaba ɗaya, domin Windows kan adana wani sashe nasa don ta tashi da sauri. Restart ne ke sabunta komai, don haka a riƙa yin sa ko sau biyu a mako.

Babbar matsalarmu a nan ita ce zafi da ƙura. A watan Afrilu zafin garin nan kan haura digiri 40, ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka tun watan Janairu. Idan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta yi zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, in abin ya ci tura ta kashe kwamfutar ɗungurungum. Mai shago sai ya ɗauka bairos ne. Alamar ita ce fanka na ihu, kwamfuta na gudu da safe, da azahar ta koma tafiyar hawainiya. A zare wayar wuta, a buɗe murfin gefe, a hure ƙurar da abin hura iska, ana riƙe da fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa ta lalace. Ban da jiƙaƙƙen tsumma. Idan na'urar ta kwana biyu, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke sanyaya ta ya bushe. A goge tsohon, a ɗiga sabo kamar girman ƙwayar wake. Kada a ajiye akwatin a ƙasa, kuma a ba shi tazarar taƙi guda daga bango.

Ɗauke wuta ma na ɓarna, musamman in ta tafi ana cikin sabunta manhaja. Ƙaramin UPS, wato na'urar ajiyar wuta, da zai ba da 'yan mintuna a kashe kwamfuta cikin natsuwa ya fi kuɗin gyara sauƙi. Manhajar Word na adana aiki duk bayan minti 10. A shiga File, Options, Save, a mayar da shi minti 2. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu zai gane amfanin haka.

Masu haɗa kwamfuta da intanet ɗin waya su kunna Metered connection a saitin Wi-Fi, sai Windows ta rage shan data a ɓoye. Amma kada wannan ya zama dalilin daina sabuntawa: Microsoft na fitar da gyaran tsaro ranar Talata ta biyu a kowane wata. Tallafin Windows 7 ya ƙare a Janairun 2020, na yau da kullum na Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 na buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da shi. Irin waɗannan, a ganinmu, gara a sa musu Linux Mint, manhajar da ke maye gurbin Windows, wadda kyauta ce, da a ci gaba da shiga asusun banki da tsarin da aka daina toshe masa kafa.

Sai filas. Bairos ɗin nan da ke mayar da fayiloli gajerun hanyoyi (shortcut) yawanci ɓoye su yake yi, bai goge ba. A fara bincike filas ɗin da riga-kafi, sannan a buɗe Command Prompt, wato wurin rubuta umarni a Windows, a rubuta harafin da Windows ta ba filas ɗin, misali E: a danna Enter, sai a rubuta attrib -h -r -s /s /d, fayilolin za su bayyana. Haka nan in burauza ta ƙi buɗe shafuka tana kukan tsaro, a dubi kwanan wata. In yana komawa baya duk kunnawa, ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, shi ne ya mutu.

Mai ɗan kuɗi a hannu ya sauya tsohon faifai da SSD, sabon nau'in ma'adana mai sauri, mai gigabait 256, ya kai ram gigabait 8. Babu gyaran da ya kai wannan tasiri, sai dai a kwafe takardu zuwa wani wuri kafin a taɓa komai.

Abu na ƙarshe ya shafi harshenmu. Takardun Hausa da yawa na fitowa daga shaguna babu ɓ, ɗ da ƙ, alhali Windows na da madannin Hausa. A ƙara shi a sashen Language na saiti, a riƙa sauyawa da maɓallin Windows da Space. Alt na hannun dama tare da b, d ko k zai ba da harafin mai lanƙwasa, sai a bambanta ƙasa da kasa a takardar da aka biya kuɗi aka buga.

Wassalam.

Daga wasu masu gyaran kwamfuta,
Sakkwato