Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Ƙazantar da Ruwan Sama Ke Kwasowa Daga Wuraren Hukuma Zuwa Rafin Jakara

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun Dagaci da masu unguwanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka ne mazauna unguwannin bakin rafin Jakara a birnin Kano, tare da manoman lambun da ke ban ruwa da shi. Maganar ambaliya kowa ya san ta, an kuma sha kawo maka ita. Kukan da muka zo da shi yau a kan dattin da ruwan damina ke ɗaukowa ne, da wuraren da yake ɗauko shi, domin da yawansu mallakar hukuma ne.

Allah ya ja zamaninka, duk wanda ke zaune a nan ya san ruwan farko na shekara. Ƙasa ta yi wata shida ko bakwai ba ta ga ɗigo ba, duk abin da aka zubar a rani yana nan kwance, sai a yi mamako guda ya wanke shi gaba ɗaya zuwa lambatu. Ruwan da ke wucewa ta ƙofar gidajenmu a wannan rana baƙi ne wuluk, maiƙo na kyalli a samansa, warinsa kuwa sai an toshe hanci. Mun bi sawunsa har inda ya fito. A tashar mota, makanikai na juye baƙin mai da ruwan batir a ƙasa saboda babu inda aka tanadar musu. A kasuwa, an kafa bola daidai bakin kwalbati. A mayanka, jini da ƙazantar tumbi na gangarowa kai tsaye cikin magudana. Akwai makarantar gwamnati da aka jona bututun banɗakinta da lambatun titi, akwai kuma asibitin da ake tara shararsa a bayan katanga ba rufi. Bayan an ɗauke ruwa, a cikin yashin da ya taru a lungu, iyaye mata sun sha ƙwace sirinji mai allura da ledar ƙarin ruwa daga hannun yara masu tsince-tsince.

Waɗannan wurare duk akwai mai karɓar haraji a cikinsu kullum, da rasit ɗinsa a hannu. Duba-gari kuwa, idan ya fito, mai tuyar awara da mai wankin mota yake tsarewa. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata a hana mu fita har sai an kammala tsaftar muhalli, mu share, mu yashe, alhali ƙofar tashar a rufe take da ƙazantarta a ciki. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Inda ruwan ke tafiya ya fi damun mu. Jakara ta taso daga cikin birni, ta wuce ta gefen Kasuwar Kurmi, ta ratsa Fagge, ta fita wajen Titin Jirgi, ta haɗu da rafin Getsi mai kwaso ruwan masana'antun Bompai, sannan ta zube a dam ɗin Wasai da ke Minjibir, wanda aka gina a 1976. A duk tsawon nan manoma ne jere da injinan ban ruwa, suna shuka latas da kabeji da karas da alayyafo. Manomi zai gaya maka sau nawa yake kashe inji a wuni don ya cire leda daga bakin tiyo, zai kuma nuna maka ƙafafunsa yadda suka yi borin ƙaiƙayi har gwiwa. Kayan lambun nan su ne ke dawowa kasuwannin birni, latas kuma ɗanye ake cinsa. Wanda ke zaune a gidan bene nesa da rafi shi ma abin ya iso akushinsa. Mu na kusa ga rijiyoyinmu marasa zurfi, waɗanda ruwansu ke canza launi da ɗanɗano a watan Agusta, lokacin da amai da gudawa da taifot ke kwantar da yara.

Da can kududdufai ne ke shanye wani kaso na ruwan, dattin ya kwanta a ciki kafin ragowar ta wuce. An cike mafi yawansu an yi gine-gine. An kuma faro aikin titin Wuju-Wuju a 2013 don a ɗaure rafin da kankare a shimfiɗa hanya a kansa. Muna son aikin, amma rufe ruwa da siminti ba ya tace shi. Abin da ya shiga ta sama haka zai fito ta ƙasa, da ƙarin gudu ma, a kan mutanen da ke gangare.

Ranka ya daɗe, ba sabuwar doka muke roƙo ba. Sashe na 20 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare muhalli da tsare ruwa da iska da ƙasa. Jadawali na Huɗu na kundin ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a cikinsu har da gina magudanun ruwa da kula da su, da kwashe shara da bahaya, da tafiyar da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka. Wato yawancin wuraren da muke kuka da su da lambatun da suke zubawa a ciki a hannu ɗaya suke. Dokar auna tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992 ta ambaci ɓangaren gwamnati da na 'yan kasuwa tare, ba ta ware kowa ba. NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli da aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin tsafta da sarrafa shara a 2009, da na kare ingancin ruwan rafuka da na ƙarƙashin ƙasa a 2011. A jiha ga Ma'aikatar Muhalli, ga REMASAB mai kwasar shara, ga KNUPDA mai ba da izinin gini. Wani ɗanmu da ya yi karatun injiniya ya shaida mana cewa a Amurka, tun gyaran dokar ruwa na 1987, birane sai sun karɓi lasisi kafin magudanunsu su zuba a kogi, kuma cikin sharuɗɗan har da tsaftace garejin motocin hukumar kanta. Mu ba mu kai ga neman wannan ba. A bi wadda ke rubuce a gida ma ta ishe mu. Batun rashin kuɗi kuma, tun hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, muna ganin ya dace a nuna wa jama'a nawa aka ware wa magudanun ruwa a kasafin shekara.

Saboda haka muna roƙon Mai Girma Hakimi ya kira zama a fadarsa da shugaban ƙaramar hukuma, da shugaban sashen tsafta, da shugabannin kasuwa da tasha, da Sarkin Fawa, da mai kula da asibitin da shugaban makarantar, da wakilanmu. Kafin zaman, a sa duba-gari su zagaya waɗannan wurare kamar yadda suke shiga gidajenmu, su rubuta abin da suka gani, a ba fada kwafi.

Gyare-gyaren da yawa ba su da tsada. Duro biyu ko uku a tasha sun isa a tara baƙin mai, kuma yana da masu saye, domin kafintoci na shafa shi a katako maganin gara. Ƙazantar tumbi taki ce, manomanmu za su kwashe ta da kuɗinsu idan aka tara ta a rami mai siminti, aka daina sakin ta cikin ruwa. Bolar kasuwa a matsar da ita daga bakin kwalbati. Makarantar a haƙa mata sokawe, a yanke bututun. Asibitin ya tara allurai a akwatin da aka yi dominsu, ya kai inda ake ƙonawa.

Yashe magudana shi ne muka fi so a dube shi da kyau. A yi shi a watan Afrilu ko farkon Mayu, kafin ruwa ya sauka, kuma tifa ta biyo bayan masu shebur a ranar. Abin da aka saba shi ne a tsamo dagwalon a jibge shi a gefen titi, a ɗauki hoto, a tafi. Sati ba ya zagayowa ruwa ya mayar da shi inda aka ciro shi, kuɗin kwangilar kuma ya tafi. Matasanmu a shirye suke su fito aikin gayya da shebur da manjagara da baro, muddin akwai motar da za ta kwashe.

Muna kuma roƙon a nemi masana daga Jami'ar Bayero su ɗebi ruwan rafin da na rijiyoyinmu su gwada, sau ɗaya bayan ruwan farko, sau ɗaya a tsakiyar rani, a karanta mana sakamakon da Hausa a gaban masu unguwanni. Muna jaddada cewa kada a mai da wannan gwaji hujjar korar manoma daga bakin rafi. Ba su suka ɓata ruwan ba, kuma da lambun nan suke ciyar da iyalansu.

Idan fada ta amince, muna fatan a sanar da mu ranar zaman ta bakin Dagaci kafin damina mai zuwa. Sunayen masu koke da sa hannunsu da dangwalen yatsa suna a takardun da ke haɗe da wannan.

Allah ya ƙara wa Hakimi lafiya da nasara, amin.

Naka masu biyayya,
Mazauna unguwannin bakin Jakara da manoman lambu,
Kano.