A Gyara Mana Ƙananan Hanyoyin da Ke Haɗa Ƙauyukanmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in tayar da wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato halin da hanyoyin ƙafa da na keke suke ciki a ƙauyukan arewacin Kamaru.

Duk sanda aka yi zancen hanya a nan, hankali kan koma kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta ratsa Ngaundare da Garwa da Marwa har Kuseri. Ba na musun muhimmancinta. Amma mutumin ƙauye yakan yi wata guda bai taka kwalta ba, alhali kullum sai ya bi 'yar siririyar hanyar da ke kai shi gona, ko injin niƙa, ko ɗakin shan magani a ƙauyen maƙwabta.

Na yi shekaru ina koyarwa a wata makarantar firamare a gabashin Garwa, wadda yaran ƙauyuka uku ke zuwa. Tsakaninmu da biyu daga cikinsu akwai rafi irin wanda muke kira mayo, da rani yashi ne zalla, har yara na wasa a cikinsa. Da zarar ruwan Agusta da Satumba ya kankama sai ya zama katanga. A makonnin farko na komawa makaranta nakan kira suna in tarar da benci bayan benci babu kowa. Har yau ina tuna wani yaro da ya iso ana dab da tashi, ya saɓo kekensa a kafaɗa saboda baƙar laka ta cushe tayoyin sun ƙi juyawa, littattafansa ɗaure cikin leda a ka, wandonsa jiƙe har ƙugu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne daren da aka ɗauko wata mai naƙuda a amalanke, aka zauna da ita a bakin rafin nan har asuba ana jiran ruwa ya janye. Allah ya sa ta sauka lafiya, amma babu wanda ya runtsa a cikinmu.

Abin da nake nema bai kai a kira shi babban aiki ba. Hanya ce mai faɗin da amalanke zai wuce, a ɗaga ta da marmara, a haƙa mata magudanar ruwa a gefe, a sa kwalbati inda ruwa ke kwanciya. A mashigin rafi kuma a shimfiɗa daɓen siminti, wanda muke kira radiye. A nan ne ya kamata kuɗin su fi tafiya, domin hanya mai kilomita 5 ba ta da amfani idan taku ashirin a tsakiyarta ba sa ƙetaruwa. A kuma dasa dogon yaro a gefenta kamar yadda aka yi wa titunan Garwa da Marwa, saboda a Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40.

Kamfanin Sodecoton yakan gyara hanyoyin da motocinsa ke bi su kwaso auduga, kuma manoma na amfana da hakan. Sauran aikin, na haɗa ƙauye da ƙauye, yana wuyan ƙananan hukumomi, musamman tun da dokar 2019 ta ƙara musu iko a kan ayyukan yankunansu, ga kuma asusun FEICOM da aka kafa domin tallafa musu. An riga an gwada a Jihar Arewa Mai Nisa, ƙarƙashin PNDP, shirin gwamnati na raya ƙasa tare da sa hannun al'umma, cewa ana iya ɗaukar samarin gari aikin haƙa da gyaran hanya da diga da shebur a biya su, kuɗin su zauna a ƙauyen.

Mu ma talakawa da namu laifin. Kowace damina sai wani ya ƙara kunya ɗaya ta gonarsa a cikin hanya, har ta koma ba ta ɗaukar mai keke ɗauke da buhu. Ina roƙon masu martaba lamidai, da lawanai da jaurori, su shata iyakar waɗannan hanyoyi a gaban jama'a, su raba su da burtalin shanu, su kuma farfaɗo da aikin gayya bayan girbi domin yasar magudanai.

Ga magadan gari kuwa, roƙona shi ne su aika wakilai su bi matan da ke ɗaukar kaya zuwa kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi, kusa da Garwa, su ga inda suke tuɓe takalmi su tattare zane, su rubuta wuraren. A fara da waɗannan mashigai tsakanin Janairu da Afrilu, lokacin da rafuka suka bushe kuma yashin aikin yana nan a wurin kyauta.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon malamin makaranta, daga Garwa