Ƙungiyoyin taimakon 'yan sikila na neman jininmu da ɗari biyar ɗinmu ta wata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita dan Allah ka ɗan ba ni fili a jaridar nan taka in yi kira ga jama'armu a kan ƙananan ƙungiyoyin sa kai da ke taimaka wa iyalan masu cutar sikila, wato amosanin jini. Ni malamin makaranta ne a nan Kano kuma ina cikin wata irin wannan ƙungiya a unguwarmu, ba mu da ofis ba mu da mota, zauren wani dattijo muke aro mu yi zama, to abin da zan faɗa abu ne da nake gani da idona.

Duk shekara idan 19 ga watan Yuni ta zo, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2008 domin wannan cuta, za ka ga an buga riguna an yi tattaki an yi hira a rediyo, manya sun zo sun yi jawabi sun yi alkawari. Ban raina ba, wayar da kai ma aiki ne. Amma ciwon nan ba ya jiran Yuni, ya fi tashi da damina da lokacin sanyin hunturu, ya fi tashi da tsakar dare lokacin da babu adaidaita a titi kuma babu kuɗi a gida. A wannan lokacin uwar yaro ba ta da wanda za ta kira sai 'yan sa kai, su kuma 'yan sa kan wallahi sun gaji, mutane kaɗan ne ke ɗauke da nauyin da ya kamata unguwa guda ta ɗauka.

Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa sun ce ana haifar jarirai kusan 150,000 da wannan cuta a Najeriya duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu a duniya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne, yana ɗauke da ita lafiyarsa ƙalau bai ma sani ba. Idan AS ya auri AS to kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 a haifi SS, wato mai cutar sikila. Kowane ciki fa, domin har gobe ina jin mutane na cewa ai sai ɗa na huɗu, ko ai mun riga mun samu ɗaya sauran za su tsira. Akwai gidan da muke zuwa yara uku a jere duk SS ne, akwai kuma wanda ko ɗaya babu, haka abin yake.

Babban abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne jini. Ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kullum jininsu a ƙasa yake, da zazzabin cizon sauro ya shiga sai ka ga yaro ya yi fari fat, ido ya yi ɗorawa, yana haki. A kai shi asibiti a auna a ce jini ya yi ƙasa sosai a kawo wanda zai bayar. To uban wataƙila ya bayar wata biyu da suka wuce ba zai iya sakewa ba, uwar tana shayarwa, dangi kuma sun daina ɗaga waya saboda an sha kiransu. Daga nan sai a koma wajen masu sayar da jininsu da ke zagaye bakin asibitoci, a ci bashi a biya su.

Mu abin da muke da shi wani littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, bangonsa har ya yage an liƙe da salatif, a ciki aka rubuta sunayen waɗanda suka yarda a kira su, kowa da rukunin jininsa da lambar wayarsa da ranar da ya bayar na ƙarshe. Wata baiwar Allah ce ke riƙe da shi, ita ma ta rasa ɗa ta wannan ciwo. Idan kira ya zo da dare sai ta haska fitilar waya tana bin layi da yatsa, wannan ya bayar kwanan nan, wannan ya tafi Legas neman kuɗi, wannan wayarsa a kashe. Shafin masu O negative layi kaɗan ne a ciki, ranar da aka nemi irinsa kowa a cikinmu ba ya barci. Da a ce kowane masallacin Juma'a da kowace majalisar samari da kowane kulob ɗin ƙwallo na unguwa za su ba mu mutum goma goma, da matar nan ba za ta riƙa kiran mutanen da ta kira watan jiya tana ba su haƙuri ba.

Kuma ba da jinin nan ba wani abin tsoro ba ne. Duk mai lafiya daga shekara 18 zuwa 65 da nauyinsa ya kai kilo 50 zai iya, namiji duk bayan wata uku mace duk bayan wata huɗu, sai an auna ka an ga kana da isasshe kafin a ɗiba, jiki kuma yana mayar da abinsa. Maganar da ake yaɗawa wai yana rage ƙarfin namiji ko wai ana sayarwa a yi tsafi, wannan ta kashe mana yara da yawa, ya kamata limamai su taɓa ta a huɗuba.

Sai kuɗin magani. Yaro mai sikila kullum sai ya sha folic acid da maganin rigakafin maleriya, ƙanana kuma da penicillin, ga gidan sauro ga rigar sanyi da safa ga ruwa mai yawa. Sannan akwai hydroxyurea wanda yake rage yawan tashin ciwon. A nan Kano ɗin nan likitocinmu na Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala tare da abokan aikinsu na jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka yi bincike suka nuna cewa idan aka yi wa yaro hoton jijiyoyin jini na kai aka gano yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, wannan maganin yana kare shi. Ka ga ilimin yana gida, likitocin suna gida, amma maganin kullum ake sha kuma ba a fasawa, mai sayar da kayan miya ko mai facin taya mai yara biyu SS ina zai kai? Sai ya saya na wata ɗaya ya bari na wata biyu, shi ke nan aikin ya koma baya. Shi ya sa nake cewa naira ɗari biyar da mutum zai riƙa bayarwa duk wata ba fashi ta fi mana amfani a kan buhun shinkafar da ake kawowa sau ɗaya a shekara a ɗauki hoto, domin da ita ce za mu iya ce wa uwa je ki karɓi na wata uku. Masu fitar da zakka ma su tuna, yawancin iyayen nan fakirai ne kuma bashi ya yi musu katutu, sun shiga cikin waɗanda Alƙur'ani ya ambata.

Na san za a ce ai wasu ƙungiyoyin cin kuɗi suke yi. Gaskiya ne akwai, kuma duk wanda zai ba da kuɗinsa yana da haƙƙin ya tambaya. A nemi ganin rasit, a sa mai unguwa da liman cikin masu sa hannu, wanda bai yarda ba ya je kyamis da kansa ya biya kuɗin maganin yaro ɗaya ya karɓi takarda. Akwai kuma waɗanda suka daɗe suna aiki kowa ya san su, kamar Sickle Cell Foundation Nigeria ta Legas da Farfesa Olu Akinyanju ya kafa a 1994, da gidauniyar Samira Sanusi 'yar Funtua wadda ita kanta ta sha wannan ciwo.

Wanda ba shi da jini ba shi da kuɗi ma akwai nasa. Mai adaidaita ya ba da lambarsa a kira shi da dare. Mace ta je ta zauna da majinyaci yini ɗaya uwar ta koma gida ta yi wanka ta ga sauran yaranta. Mu malamai mu daina dukan yaron nan don ya yi fashi, mu bar shi ya sha ruwa ya fita fitsari yadda yake so, mu maimaita masa darasin da ya wuce shi. Na taɓa shiga wani gida da asuba na tarar da uwa ta tafasa ruwa tana tsoma tawul tana gasa wa yarinya ƙafa, yarinyar ta ciji filo don kar ta tashi ƙannenta, uwar ta ce min tun magariba suke a haka kuma babu wanda ya leƙo duk da cewa gidan haya ne cike da mutane. Maƙwabta sun saba da kukan har sun daina jin sa. Ga kuma maganganu, a ce mayu ne suka kama shi, a ce ɗan wabi ne, miji ya ce daga dangin matar ciwon ya fito ya sake ta ya ƙara aure ba tare da gwaji ba, alhali sai uwa da uba kowa ya ba da nasa kafin a haifi SS. Saurayi mai sikila ya je neman allurar rage raɗaɗi a riƙa kallonsa kamar ɗan ƙwaya.

Gwamnatin Kano ta yi abin a yaba da ta sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, har da gwajin jinotayif, wato na gano ko mutum AS ne ko SS, Allah Ya sa a bi ta da gaskiya kuma iyaye su riƙa yi wa yara gwajin tun kafin soyayya ta yi nisa, ba sai an sa rana an kai lefe ba. Amma dokar nan ta waɗanda ba a haifa ba ce, waɗanda aka riga aka haifa suna nan cikin gidajenmu suna makaranta, wasunsu sun zama likitoci da lauyoyi da iyaye.

Roƙona gare ka Malam Edita, ka ware ɗan gurbi a jaridar nan ko sau ɗaya a wata inda ƙungiyoyin da aka tantance za su sanar da rukunin jinin da suke nema da ranar da za a yi gangamin bayarwa, ka kuma tura wakilinka asibitin yara na Hasiya Bayero ko na Murtala ranar da ake ganin 'yan sikila ya zauna da iyayen ya ji daga bakinsu. Masu karatu kuma duk wanda bai san rukunin jininsa ba ya je ya auna a makon nan, ya nemi ƙungiyar da ke kusa da shi ya ce a rubuta sunansa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu ɗawainiya da su da alheri.

Naka,
Wani malamin makaranta,
daga Kano.