Kada a jibge tsofaffin monitoci a sito saboda bakin waya

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wata asara da nake gani ana tafkawa a makarantu da shagunan buga takardu da cibiyoyin koyon kwamfuta. Gyaran kwamfuta ne sana'ata a nan Zariya. Tun da kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, jama'a suka shiga sauya injina, saboda Windows 11 ba ya karɓar mafi yawan tsofaffin. Sai a sayo sabon inji, ko a sa masa katin hoto na zamani, wato sashen da ke tura hoto zuwa monita, a zo haɗa shi da monitar da ake da ita, a tarar bakin wayarta ba shi da wurin shiga. Nan take a ce monita ta tsufa, a kai ta sito, a shiga neman kuɗin sabuwa. Alhali lafiyarta ƙalau.

Bakin da nake nufi shi ne shuɗin nan mai haƙora 15 a jeri 3, da kusoshi biyu da ake murzawa a gefe. VGA sunansa. Kamfanin IBM ne ya fito da shi a 1987, kuma ya yi kusan shekara 30 yana cin karensa ba babbaka. Hoton da ke bi ta cikinsa analog ne, wato wuta ce mai hawa da sauka a siraran wayoyi uku, ɗaya ta ja, ɗaya ta kore, ɗaya ta shuɗi, sai wasu biyu da ke gaya wa monita inda layi ya ƙare da inda za a koma sama a sake sabon hoto. Ita kuwa kwamfuta lambobi kawai ta sani. Shi ya sa a dā kowane katin hoto yake da wani sashe a cikinsa da ke juya lambobin nan su koma wuta mai hawa da sauka kafin su fita. Sababbin bakunan waya, HDMI da DisplayPort, ba ruwansu da wannan aiki, lambobin suke turawa yadda suke.

A Disambar 2010 kamfanonin Intel da AMD, tare da Dell da Lenovo da Samsung da LG, suka sanar cewa za su yi ban kwana da VGA zuwa 2015.  AMD ta cire wancan sashe daga katinta R9 290 tun 2013. A wajen Nvidia, wani kamfanin katin hoto, jerin GTX 900 da ya fara fita a 2014 shi ne na ƙarshe da ke fitar da analog da kansa. GTX 1060 da 1070 da 1080 na 2016 duk babu. Ni ban ga laifinsu ba, don a ƙasashensu monitocin sun riga sun bar ofisoshi. Ina suka nufa? Mu suka zo wa a kwantena, suka cika kasuwar kwamfuta ta Ikeja da Titin Beirut na Kano da ɗakunan kwamfuta na makarantunmu. Saboda haka matsalar da su suka gama da ita, mu yanzu muke cikinta tsundum.

Inda aka fi yi wa mutane sakiyar da ba ruwa shi ne wajen farin bakin nan mai faɗi, DVI, wanda ya fito a 1999. Iri biyu ne ake yawan gani, kuma in ba ka sa ido ba sai ka rantse ɗaya ne. Ka juya bayan injin ka dubi bakin da kyau. A gefe guda akwai wata 'yar tsaga a kwance. In ka ga ƙananan ramuka 4 sun kewaye tsagar, biyu sama biyu ƙasa, wannan DVI-I ne, yana ɗauke da dijital, wato lambobin nan, da analog gaba ɗaya. In tsagar ce kaɗai, gefenta a toshe, DVI-D ne, dijital zalla. To ɗan ƙaramin kan nan da ake sayarwa don haɗa DVI da VGA, gabansa fari bayansa shuɗi, babu komai a cikinsa sai wayoyi da suka haɗa wannan haƙori da wancan. A kan DVI-I yana aiki, domin katin ne ke yin juyin, shi hanya kawai ya bayar. A kan DVI-D ko shiga ba ya yi, saboda haƙoransa 4 ba su da ramin faɗawa. Sai wani yaron shago mai dabara ya ɗauko filaya ya karya haƙoran, ya yi ta fama har ya cusa shi. Allo ya rubuta "No Signal". Dole ya rubuta, domin haƙoran da aka karya su ne na ja da kore da shuɗi da alamar ƙarshen layi, kuma ko da an bar su, babu abin da katin zai zuba musu.

Haka wata doguwar waya da ke yawo a kasuwa, kai ɗaya HDMI ɗaya VGA, tsakani ba komai sai roba da jan ƙarfe. Kwanakin baya mai wata makaranta ya kira ni a kan irinta. Ya sayi injina na hannu masu kyau, aka haɗa masa da wayoyin nan, aka jona, ko ɗaya bai kawo hoto ba. Wanda ya kawo kayan ya ce ai monitocin ne suka mutu, har ya yi tayin kwashe su a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya kawo sababbi. Mutumin ya ce da ni, "Malam, duba min su don Allah, in sun mutu in san inda dare ya yi mini." Na ce, "Ranka ya daɗe, monitoci ba sa haɗa baki su mutu rana ɗaya." Na zaro adafta daga jakata na jona a injin farko, kafin ya gama gyara zaman gilashinsa hoto ya fito tas. Ba na cewa mai kayan ya yi niyyar cuta. Da yawansu su ma ba su san bambancin ba, abin da aka ba su a Legas shi suke sayarwa.

Adaftar da ke aiki tana da ɗan ai-si a cikinta, wato 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki. Tafinta ce tsakanin masu yare biyu: ta karɓi lambobi daga kati, ta mayar da su wutar da monita ke ganewa. Yawanci za ka ga ɗan akwati ko kumburi a wajen bakin VGA ɗin. Tafintar nan kuma hanya ɗaya take fassara. Wadda ke ɗauko hoto daga HDMI ta kai VGA ba za ta ɗauko daga tsohuwar kwamfuta mai VGA ta kai sabon talabijin ba. Wannan wata na'ura ce dabam, ko da yake a kwali sun yi kama. A karanta wane gefe ne shiga, wane ne fita, kafin a biya.

In injin yana da HDMI da DisplayPort duka, ni DisplayPort nake zaɓa, kuma dalilina wuta ce. Ai-sin nan sai ya ci wuta yake aiki. HDMI yana ba da bolt 5, amma abin da ƙa'idarsa ta wajabta miliyamfiya 55 ne kacal, shi ya sa za ka ga hoto yana zuwa yana ɗaukewa a wasu injinan, musamman laftof. Mai irin wannan matsala ya nemi adafta mai ƙarin ramin USB a gefe, ya ba ta wuta da wayar caja. DisplayPort kuwa yana ba da bolt 3.3 har miliyamfiya 500, ya ishe ta har da rara. Injinan ofis na Dell da HP da ke shigowa yanzu galibi DisplayPort ne da su, sai mutane su ɗauka HDMI ne su yi ta cusa waya da ƙarfi. Na DisplayPort kusurwa ɗaya ce a yanke, na HDMI biyu. Kuma da yawan kawunan DisplayPort suna da ɗan maɓalli da ake dannawa kafin a zare. Wanda ya fizga ba tare da ya danna ba, zai iya fitowa da bakin katin gaba ɗaya. Na sha gyara irin wannan ɓarna.

Sauti ba ya bi ta VGA. Da zarar an jona adaftar HDMI, Windows kan mayar da sauti can, sifika ta yi tsit, a ce adafta ta ƙona wani abu. Ba abin da ya ƙone. A shiga saitin sauti a mayar da shi sifikar inji, ko a sayi adafta mai ramin iyafis. Masu son haɗa dikoda ko PlayStation da tsohuwar monita kuma su san akwai wani kulle na hana satar fim, HDCP, wanda kan bar allo baƙi ƙirin ko da adafta lafiyayya ce.

Bayan hoto ya fito da sauran aiki, kuma nan ne masu jonawa ke yin gaba su bar yara suna kankance ido. Monitocin LCD, wato sirara marasa ƙeya, masu inci 17 da 19 da suka yi kusan murabba'i, asalin ma'auninsu, wato yawan ɗigon hoto a kwance da a tsaye, 1280 da 1024 ne. In aka bar su a 1024 da 768 rubutu zai yi dishi-dishi, in aka tura musu 1920 da 1080 su rubuta "Out of Range". Monita takan gaya wa kwamfuta ma'auninta ta haƙori na 12 da na 15, amma wasu wayoyin masu arha ba a haɗa waɗannan ba, sai kwamfuta ta yi ta lalube. A saita da hannu, sannan a danna maɓallin Auto da ke jikin monitar, hoton zai ɗan yi rawa ya zauna daidai. In rubutu yana da inuwa a gefensa na dama, wayar ce siririya ko ta yi tsawo. A nemi mai kauri, mai ƙullutu biyu kusa da kawunanta. In launi ya koma ruwan hoda ko ɗorawa, haƙori ɗaya ne ya lanƙwashe ko ba a murza kusoshi ba. Layi-layin da ke yawo a allo in an tayar da janareta kuwa, sau da yawa daga wutar ne, ba daga adafta ba.

Duk wannan kariyar da nake yi, LCD nake yi wa. Monita irin ta dā mai ƙatuwar ƙeya, magana ce dabam. Za ta yi aiki da adafta, amma ita in tana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa ƙyaftawa take yi, mai zama gabanta ya tashi da ciwon kai. Sai an kai ta 75 ko 85 ido ke hutawa. Adaftoci masu arha suna iya ɗaukar 1024 da 768 a kan 85, wasu ma har 1280 da 1024, amma 1600 da 1200 a kan 85 ya fi ƙarfinsu. Na san akwai masu wasannin kwamfuta a Turai da Amurka da ke farautar irin waɗannan monitoci suna biyan kuɗi mai tsoka, wannan sha'awarsu ce. Mu da ke sayen fetur ko lallaɓa batirin sola, mai ƙeya tana shan wuta ninki biyu ko fiye na LCD mai girmanta, kuma kuɗin man da za ta ci a shekara ya isa a sayi LCD ta hannu. Wanda zai rabu da ita kada ya bar yara su buɗe bayanta: tana aiki da wuta sama da bolt 20,000, kuma takan riƙe saura ko bayan an zare ta daga soket. Gilashinta ma akwai dalma a ciki, ga shi 'yan jari bola fasa shi suke yi a bakin kwata don su ciri jan ƙarfen wuyanta.

Roƙona ga shugabannin makarantu da masu rubuta takardar sayen kaya a ma'aikatu shi ne, kafin a sa hannu, a tura wani ya ɗauki hoton bayan injin da za a saya da bayan monitar da ake da ita, a rubuta adafta mai ai-si a cikin lissafi, ɗaya ga kowane inji, da 'yan ƙari saboda sukan mutu. Kuɗinta bai kama ƙafar na monita ba. 'Yan uwana masu sayar da kayan kwamfuta kuma, don Allah kowa ya ajiye tsohuwar monita ɗaya mai VGA a kan kantarsa a jone da wuta, duk wanda ya sayi adafta a gwada masa a gabansa kafin ya hau mota ya koma Funtuwa ko Saminaka.

Wassalam.

Mai gyaran kwamfuta,
Sabon Gari, Zariya.