Godiya ga lauyoyin Adum da suka bi mana kuɗin marayu

Assalamu alaikum. Ni mai sayar da goro ne a Aboabo, nan Kumasi. Na rubuta ne don in gode wa wani ƙaramin ofishin lauyoyi da ke Adum a bainar jama'a, domin godiyar da na yi musu a cikin ɗaki ba ta ishe ni ba.

Da wana ya rasu, gadon 'ya'yansa uku ya faɗo hannuna. Ban so in sa shi inda ake cin ruwa ba, sai na sayi hannun jarin MTN lokacin da aka fitar da shi a 2018, kowane ɗaya fesuwa 75 a kuɗinmu na Ghana, ta hannun wani kamfanin dillalai. Da babbar cikinsu ta samu gurbin karatu, na je da kaina na sa hannu a sayar da rabi, a zuba kuɗin a asusun yaran. An sayar. Amma wani ya aika wa dillalan saƙon ƙarya da sunana, da lambar wani asusu dabam, ma'aikacinsu kuwa ko waya bai ɗaga ya kira ni ba, ya tura. Wata huɗu ina sintiri, kullum "Alhaji, ka ƙara haƙuri". Ranar ƙarshe kwaɗo na tarar a ƙofa, da takarda manne a gilashi. Kamfani ya karye.

Daren nan ban runtsa ba. Da nawa ne da sauƙi. Dukiyar maraya ce, ni za a tambaya gobe kiyama.

Na shiga ofishinku da baƙar leda cike da takardu, wata ma duk jan goro. Lauya, 'yata, ba ki yi ƙyamar su ba. Kika baje su a tebur ɗaya bayan ɗaya, kika ce, "Baba, ba zan maka alkawarin duka ba, amma akwai ƙofofin da ba ka ƙwanƙwasa ba." Ke kika fara sanar da ni cewa rabin da ba a sayar ba yana nan da sunana a ma'ajiyar hannun jari ta ƙasa, wato CSD, ba ya cikin dukiyar kamfanin, masu bin bashi ba za su taɓa shi ba. Sai da na nemi ruwa na sha.

Kun shigar da ƙorafi a hukumar SEC, mai sa ido kan kasuwar hannun jari, a Accra, kun kuma cike mana takardar shaidar bashi wurin wanda aka naɗa ya tattara kadarorin kamfanin, a ƙarƙashin dokar karyewar kamfanoni ta 2020. Kun gaya mini gaskiya cewa irinmu marasa jingina a ƙarshen layi muke, abin da ya fito daga nan kuwa kaɗan ne.

Inda kuka nuna gwaninta shi ne inshora. Ni ban taɓa jin cewa dillali kan sayi inshorar da ke biyan ɓarnar sakacinsa ba. Kun tono takardar, kun tabbatar an kai sanarwa kafin wa'adinta ya ƙare. Masu inshora suka ce ai sata ce, ba ta cikin yarjejeniya. Kuka ajiye musu takardar da na sa wa hannu, da lambar asusun yaran ɓaro-ɓaro a jiki, gefe guda ga saƙon ƙaryar, kuka tambaye su: wa ya hana ma'aikacin ya gwada biyun? Wannan sakaci ne. Bayan ja-in-ja na watanni suka biya mafi yawan kuɗin, ba tare da an kai ga shari'a ba.

Ladan aikinku ma sai da kuɗi ya shigo kuka karɓa, kuma daidai abin da muka rubuta tun farko.

Yarinyar tana shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya. Uwarta ta ce in gaishe ku, in kuma kawo muku ƙwaryar goro ranar Juma'a. Allah ya saka da alheri, ya tsare muku zuri'a.

Naku,
Baban marayu, Aboabo, Kumasi