Wa kuke kira malalaci?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirinku na rediyo na daren Talata, kuma ba zan ɓoye maka ba, har yanzu raina a ɓace yake. Wannan daktan da kuka gayyato ya buɗe baki ya ce mutumin karkara shi ya so wa kansa talauci, wai Allah ya hore mana ƙasa da ruwa amma mun zaɓi zaman gindin bishiya da tara 'ya'ya. Mai gabatarwa kuma ya bar maganar ta wuce, har da 'yar dariyarsa. Dariyar nan ta fi maganar ƙona mini rai.

Hujjarsa ita ce ya bi hanyar Gumel a mota tsakiyar damina ya ga gonaki ciyawa ta cinye su. Ba ƙarya ya yi ba, akwai su. Amma da ya tsaya ya tambayi ta wane ce, da an nuna masa mai ita can a gonar wani, ya duƙa da fartanya tun bayan sallar asuba. Mutumin da rumbunsa ya ƙare tun cikin bazara, ranar da ruwan shuka ya sauka ba shi da ko tiya ɗaya a gida. Ya shiga gonarsa ya yi firi iyali su kwana da yunwa, ko ya tafi ƙwadago a biya shi da yamma ya auno abin da za a tuƙa? Ƙwadagon zai tafi, ni ma da ni ne shi zan tafi. Kafin ya waiwayi tasa gonar lokacin firi ya wuce, geron ya yi ja, ƙuduji ya fito. Haka mai shanun huɗa, tasa yake fara yi, sannan ta masu biya hannu da hannu, na bashi su ne a ƙarshe. Takin gida kuwa sai mai dabbobi, na zamani sai mai kuɗi. Ruwa ɗaya ya sauka a gonaki biyu masu iyaka da juna, wannan ya ɗaure dami ya cika rumbu, wancan abin da ya samu ba zai kai shi tsakiyar rani ba. Kuma wanda ya tashi da kaɗan ɗin, gumin jikinsa ne ya nome duka biyun.

Ɗan abin da ya samu ma ba nasa ba ne. Hatsin da ya ci bashi a bazara yana jiran sa. Masu bayarwa ba sa kiran abin da sunan ruwa, a'a, ai sun san haramun ne. Sai a yi maka kuɗin buhu a farashin bazara, ka biya da hatsi a farashin kaka, lokacin da kowa ya fito da nasa kasuwa ta karye. Buhu ɗaya ka ci, kusan biyu za ka mayar. Riɗi da zoɓon da ya sa rai a kansu, tun a masussuka 'yan baranda sun tsaya a kansa, ko kuwa ya kai kasuwar Gujungu ko ta Maigatari ya sayar yadda aka taya domin mai bashi yana ƙofar gida. Kayan su wuce kasuwar Dawanau da ke Kano a kulle a sito har farashi ya tashi, zoɓon nan har ƙasar Meziko ake kai shi. A wannan doguwar hanya kowa ya ci riba sai wanda ya shuka.

Maƙwabcina, Allah ya jiƙan mahaifinsa, ya gaji 'yar gona a bakin titi. Matarsa ta sami matsala wajen haihuwa aka kwashe ta zuwa asibiti a birni, ya jinginar da gonar. Shekara ta zagayo bai iya fansa ba, aka ce a cika masa kuɗi a yi takarda. Yau an zagaye ta da waya an dasa mangwaro, mai ita wani babban ma'aikaci ne da ke zuwa ranar Asabar da gilashin mota a rufe. Ka san wa ke yi masa gadi da ban ruwa? Maƙwabcin nawa. Ina so dakta ya gaya mini a wane gindin bishiya wannan bawan Allah ya zauna.

Na koyar a firamare har na yi ritaya, kuma rajistar aji ta koya mini abin da ban ji ya ambata ba ko sau ɗaya, wato ƙauye ba jinsi ɗaya ba ne. Ku a birni kuna cewa "mutanen ƙauye" kamar duk tuwo ɗaya muke ci. Akwai mai rumbuna da shanu da injin ban ruwa, akwai mai 'yar gonar da take riƙe shi rabin shekara, akwai wanda ba shi da komai sai ƙarfinsa. Da damina ta kama na san yaran da za su ɓace daga aji ba sai na kira suna ba, 'ya'yan 'yan ƙwadago ne, mazan suna bayan iyayensu a gonar mutane, matan suna talla. Wasu cikinsu sun fi ɗan mai rumbu ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Yau ɗan mai rumbun yana ofis a Dutse, su kuwa suna Legas da Fatakwal suna tura baro da yankan farce, idan ruwa ya sauka su dawo su duƙa a gonar da ubanninsu suka duƙa. Batun tara 'ya'ya kuma, attajiran garinmu sun fi kowa mata da 'ya'ya, ban taɓa jin an kira su gidan rediyo an yi musu faɗa ba.

Tunda shi mai son alƙaluma ne, ga na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A rahotonta na 2019 ta sa layin talauci a kan naira 137,430 a shekara, ta ce mutum 87 cikin 100 a Jigawa suna ƙasa da shi. Duk malalata ne? To wa ya noma riɗin da jihar take alfahari da shi? A 2022 kuma ta ce 'yan Najeriya miliyan 133 suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kashi 72 cikin 100 na mutanen karkara, kashi 42 na mutanen birni. Abin da aka auna a nan ya haɗa da ruwan sha da nisan asibiti da zuwan yara makaranta. Ɗan ƙwadago ne ya ƙi gina asibitin?

Noman rani ya ce mu rungumi, kamar yau muka fara jin sa. Mutanen fadamar Haɗeja da Auyo sun san shi tun kafin a haifi dakta. Amma injin ban ruwa fetur yake sha, kuma daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ƙaramin manomi ya jingine injin, ya ba mai hali hayar fadamarsa, ya koma yi masa dashen shinkafa. Ga ambaliya irin ta 2022 da ta share gonaki da gidajen ƙasa, ga ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Mai hali ya sake shuka, marar hali ya sake cin bashi.

Abin da ya sa na kasa barci shi ne yadda ya kawo maganar mutanen garin Majiya, wai kwaɗayi ne ya kashe su. Mutum sama da 150 suka ƙone a watan Oktoba 2024 wajen kwasar man tankar da ta faɗi, akasarinsu matasa. Ban ce sun yi daidai ba, kuma malamanmu sun yi wa'azi a kai. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda tankin motarsa yake cike bai kamata ya yi saurin yanke hukunci a kan yaron da galan ɗaya na mai ya fi masa ladan wuni guda a gona ba. A yi musu addu'a, a bar iyayensu da abin da ya dame su.

Wannan magana ta lalaci tsohuwa ce, Malam Edita. Ita ake faɗa wa kakanninmu lokacin da dogarai ke shanya mutum a rana saboda kuɗin haraji, har Malam Aminu Kano da 'yan jam'iyyar NEPU suka tashi a 1950 suka ce a'a, akwai masu ci, akwai waɗanda ake ci da guminsu. Da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin muna cikin tsohuwar jihar Kano, na ga dattawa suna hawaye don murna. Ban zaci zan rayu in ji gidan rediyon da talaka ya fi kowa saurare yana maimaita zancen dogarai ba.

Buƙatata ɗaya ce. Ku aiko ɗan rahotonku da na'urarsa cikin watan Yuli, ya nemi mutum a gonar da ba tasa ba, ya tambaye shi me ya sa. Ku ba shi minti talatin ɗin da kuka ba dakta, kuma kada a katse shi.

Sannan don Allah ku dubi tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa bayan magariba. Lokacin nan ne muke cin tuwo da iyali rediyo a kunne, sai ka ji mutum yana zayyana abin da ko a majalisar samari ba a faɗa, surukata tana zaune, jikokina suna zaune, in rasa inda zan sa kaina. In ba za ku iya barin kuɗin tallan ba, ku mai da shi bayan sha ɗayan dare.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
Tsohon malamin firamare,
daga ƙaramar hukumar Taura, jihar Jigawa.