Wasiƙa Kan Tsohon Sikirif Ɗinmu

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya sanyin can? Mu nan hunturu ya kankama, ƙura ta sa fankar kwamfutata tana kuka kamar injin markaɗe.

Ka tuna sikirif ɗin Python, ƙaramin shirin kwamfutar nan da muka rubuta kafin tafiyarka, mai haɗa rahoton wata daga fayilolin CSV? To, makon jiya na zauna masa. Wani yaro sabon ɗauka ne ya jawo. Ya rubuta --wata ya manta lambar watan, sai sikirif ɗin ya cafke kalmar da ke biye, wato --adana, ya ɗauka ita ce watan. Bai yi ko tari ba, ya fitar da fayil fanko mai suna rahoto_--adana.csv, haka aka tura wa oga. Yaron ya sha faɗa, alhali laifin namu ne.

Da na buɗe kod ɗin sai da kunya ta kama ni. Zagaye guda ne a kan sys.argv, wato jerin kalmomin da mutum ya rubuta wajen kiran sikirif ɗin, ga if da elif an jibge su kamar buhunan gero a shago, ga wani i += 2 da ke tsallake kalma ba tare da ya duba ko akwai ta ba. Bayanin --help kuwa da hannu muka rubuta shi can ƙasa, har yana tallan zaɓi biyu da aka daɗe da cirewa. Abin haushin, argparse, kayan aikin da ke karanta irin waɗannan zaɓuɓɓuka, na cikin Python tun sigar 2.7 ta 2010, ba sai an sauke komai ba. Ga rijiya a tsakar gida, mu muna sayen ruwan 'yan garuwa.

Ban taɓa ko layi ɗaya ba sai da na bi cron, mai kunna ayyuka da kansa in lokacinsu ya yi, da kuma abokan aiki na tattara duk yadda ake kiran sikirif ɗin, na adana abin da kowane kira ke fitarwa. Da su na riƙa gwada kowane gyara. Daga nan na koma argparse, na ware fankshin guda, aikinsa kawai ya lissafa zaɓuɓɓuka: suna, nau'i, da bayani, duka a wuri ɗaya. Wata ya koma type=int da choices daga 1 zuwa 12. Yanzu in ka bar shi ba lamba, nan take zai tsaya, ya faɗa maka abin da ya ɓata, ya fita da lamba 2. Ayyukan nan uku da muka cakuɗa, haɗawa da dubawa da turawa, na raba su da add_subparsers. Na kuma sa main ya riƙa karɓar jerin kalmomi ya miƙa wa parse_args, don gwaji ya yi sauƙi.

Sau biyu na faɗa rami. Na sa type=bool a kan --adana, ashe ko False ka rubuta True zai ba ka, tunda a wajen Python duk rubutun da ba fanko ba gaskiya ne. Maganinsa action="store_true". Na biyun, argparse yana karɓar guntun suna, --wat a madadin --wata, kuma ranar da aka ƙara wani zaɓi mai irin wannan farkon, duk mai yanke sunan zai ga ta kansa. Na rufe ƙofar da allow_abbrev=False, wanda ya zo a 3.5.

Maganar sauri kuwa, nan na sha mamaki. Na zaci zubar da elif ɗin nan zai sa ya yi gudu, amma ko gezau. Karanta kalmomi biyar ba ya cin lokaci. Sai da na kunna python -X importtime na ga ɓarawon: pandas, babban kayan sarrafa bayanan nan da muke shigowa da shi a saman fayil, ko --help kawai mutum yake nema. Na mayar da shi cikin fankshin ɗin da ke buƙatarsa, yanzu taimakon na fitowa kafin ka ɗaga yatsa.

Na san za ka ce me ya hana ni Click, mai irin aikin argparse, tunda kai mutumin Armin Ronacher ne, wanda ya ƙirƙiro shi, tun zamanin Flask ɗinsa. Yana da kyau, ban musa ba, amma sabar ofis ba ta kan intanet, kuma ba na son ƙara kayan da sai an girka.

Saura abu ɗaya. Akwai wani -x da ke sa wani variable mai suna yanayi2 ya zama 1, kuma git blame, mai nuna wanda ya rubuta kowane layi, sunanka ya nuna. Ban cire shi ba, don wani aikin cron na daren Juma'a yana kiransa. Don Allah in ka tuna amfaninsa ka rubuto mini kafin ƙarshen wata.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Hajiya ma tana gaishe ka.

Naka,
amininka na kullum.